Dokin Kara

Da zarar an girbe dawa a ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, yara sun sami dawaki. Yaro zai zaɓi kara mai kauri, ya karya kansa kaɗan ya lanƙwasa, ya ɗaura tsumma ko igiyar kaba a matsayin linzami, ya haye ya zabura, bakinsa na haniniya, gindin karan na tayar da ƙura a bayansa. Amfanin wannan doki yana cikin rashin kamarsa da doki. Tunda ba shi da kofato balle geza, dole yaron ya ciro sauran daga ƙwaƙwalwarsa. Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya kafa hujja da wannan misali a laccarsa ta 1933: yaron da ya hau sanda ya kira ta doki ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani. Irin wannan aikin ne ke jiransa a gaban allo, ranar da malam zai nuna masa zanen tawada ya ce wannan harafi sunansa "ba".

Wasan kuma yana da doka, mai tsauri ma. Yaran da suka kalli hawan sallar Sarkin Gwandu a ƙofar fadar Abdullahi Fodiyo, washegari za su kafa tasu fada a lungu. Wanda aka naɗa sarki ba ya sukuwa, ko da ƙafarsa na ƙaiƙayi. Zagi ba ya hawa. Mahaya sai sun jira a ba su fili kafin su zo jinjina, su ja linzami su tsaya cak. Ɗan shekara huɗu da ba ya iya zama wuri ɗaya, ga shi yana danne zuciyarsa da kansa, ba bulala.

Wani zai ce ai shiririta ce, lokacin karatu take ci. Masu bincike ma sun yi taka-tsantsan: nazarin da Angeline Lillard da abokan aikinta suka fitar a 2013 ya nuna hujjar cewa wasan kwaikwayo shi kaɗai ke ƙara basira ba ta da ƙarfi. Gaskiya ne, kara ba ya koyar da baƙi. Amma sasantawa kan wa zai zama sarki, da ƙago labarin hawan, da jiran layi, duk a idon mai kallo suke faruwa, kuma yaron da aka ƙwace wa kara aka miƙa wa waya don ya yi shiru ba ya yin ko ɗaya daga cikinsu.