Gida Ko Makaranta: Gardamar Da Coleman Ya Tayar

A shekarar 1966 gwamnatin Amurka ta fitar da wani rahoto da har yau masana ilimi ba su gama gardama a kansa ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta sa a binciki ko 'ya'yan baƙar fata na samun damar karatu daidai da 'ya'yan farar fata. Aka ɗora aikin a wuyan James Coleman, masanin zamantakewa a Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya tattara bayanan ɗalibai sama da 600,000.

An zaci zai ce ƙarancin kuɗi ne ke durƙusar da makarantun talakawa. Sai ya gano cewa gidan da yaro ya fito, wato karatun iyayensa da halin rayuwarsu, ya fi gini da kayan aiki tasiri a kan sakamakonsa. Akwai gaskiya a nan. Yaron da ya kwana da yunwa, ko wanda ba a taɓa buɗe masa littafi a gida ba, ya riga ya shiga aji da rauni.

Abin takaici, wasu masu mulki sun mai da wannan hujjar tsuke bakin aljihu. Ni ban yarda da su ba, kuma binciken da aka yi daga baya bai mara musu baya ba. A 2016 Kirabo Jackson da abokan aikinsa sun bi rayuwar yaran Amurka da kotuna suka tilasta a ƙara wa makarantunsu kuɗi. Ƙarin kashi 10 cikin 100 na tsawon shekara 12 ya sa 'ya'yan talakawa sun ƙara kusan rabin shekara a karatu, albashinsu kuma ya ƙaru da kusan kashi 10 bayan sun girma. Kuɗin ya yi aiki ne inda ya tafi ga albashin malamai da rage cunkoson aji.

Tun a 1983 Stephen Heyneman da William Loxley suka kwatanta ƙasashe 29, suka ga cewa a ƙasashe matalauta ingancin makaranta ya fi nauyi, domin a makaranta ne kaɗai yaro ke haɗuwa da littafi. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin matakin farko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Najeriya, amma jihohi da dama sukan bar rabonsu a hannun UBEC, hukumar da ke kula da kuɗin, shekara da shekaru, saboda sun ƙi kawo nasu kason da doka ta shar'anta, alhali yara na zaune a ƙasa ba benci.