Gargaɗi ga masu odar kaya ta jirgin ruwa: kada a yi lodi sai takardu sun cika

Alhazai da 'yan uwa 'yan kasuwa na Agege, Mile 12, Alaba Rago da Idi Araba, a yi hattara. Duk wanda ke da kaya a Gwanzu ko Dubai ko Istanbul yana shirin cewa a loda, ya dakata ya duba takardunsa tukuna. Akwai takardun da ake nema tun jirgi bai tashi ba. Idan aka bari sai kwantena ta iso Apapa ko Tin Can ko Lekki sannan aka fara nemansu, asara ta riga ta fara, kuma kullum ƙaruwa take yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kayan da za su shigo Najeriya, mafarin komai shi ne Fom M. Ta banki ake buɗe shi, da lambar harajin mai kaya, kuma doka ta ce a samu amincewa kafin a ɗora kaya a jirgi. Lambarsa kuma sai ta fito a jikin takardar lodi. Idan kayan na cikin waɗanda hukumar SON ke sa wa ido, kamar na wuta da taya da kayan gini, sai da SONCAP. Idan abinci ne ko magani ko man shafawa, sai da izinin NAFDAC. Da waɗannan ne kwastan ke fitar da PAAR, takardar da ta zo tun ƙarshen 2013, wadda ke nuna kuɗin fiton da za a biya. Wanda ba shi da ita, kwantenarsa tana nan zaune. Kamfanin jirgi yana lissafa kuɗin jinkiri, masu tasha suna lissafa kuɗin ajiya, kowa da nasa kalkuleta. In abin ya ja, a sa kayan cikin waɗanda suka wuce wa'adi, daga nan sai gwanjo.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne saɓanin rubutu. Rasit ya ce atamfa, takardar lodi ta ce yadi kawai, Fom M kuma ya ɗauki wata lambar kaya daban. Ko nauyin da aka rubuta a nan ya saɓa da na can. Ko a rubuta sunan ɗan uwa a gurbin mai karɓa alhali kamfanin da ya buɗe fom wani ne. Ɗan ƙaramin abu ne a ido, amma gyaransa bayan jirgi ya tashi kuɗi ne da makonni. Ka sa a turo maka kwafin takardar lodi tun ba a buga ta ƙarshe ba, ka zauna da wanda ya iya karatu ku bi ta layi-layi: suna, lambar kwantena, yawan katan, nauyi, farashi.

Masu bi ta Kwatano da Lome su ma su ji. Benin da Togo suna neman takardar bin sawun kaya da ake kira BESC ko ECTN, kuma mai turo kaya ko ejan ɗinsa ne ke cire ta a can ƙasar da aka yi lodi. Kayan da za su zarce Maraɗi ko Yamai suna da tasu ta hukumar CNUT ta Nijar. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya da yawa sun koma Lome su ratsa Burkina, hanyar da ta fi tsawo da tsada tun kafin a ɗora mata tara. Masu fitar da riɗi da citta da zoɓo zuwa Masar kuwa su sani cewa tun 1 ga Oktoba 2021 ƙasar ba ta karɓar kayan da suka zo ta jirgin ruwa sai da lambar ACID, wadda mai saye ke cirewa a manhajar Nafeza kafin lodi. In babu ita, ana iya hana sauke kayan a mayar da su, kuma wahalar kan mai kaya take komawa.

Sai kuma 'yan damfara. Tun 2010 ake ta tayar da maganar takardar bin sawun kaya ta Najeriya ana ajiyewa, shi ya sa mutane da yawa suka rikice, su kuma macuta suka samu ƙofa. Wani zai turo maka hoton takarda ta WhatsApp, da tambari da hatimi, ya ce ka tura kuɗi yau-yau in ba haka ba za a riƙe maka kaya. Kada ka tura ko sisi a asusun mutum. Ka tambayi bankinka, ka tambayi kamfanin jirgin da ya ɗauko kayan, ko ka taka ofishin Nigerian Shippers' Council da ke Apapa. Lambar takardar gaskiya ana iya bincika ta. Wanda ya ƙi ba ka lamba, ka rabu da shi. Ejan kuma ya nuna maka lasisinsa na kwastan.

Ina ƙara jan kunnen masu haɗakar kwantena, domin su ne suka fi yawa a cikinmu kuma su ne suka fi rauni. Mutum goma su zuba kaya wuri ɗaya, takardu duka da sunan mutum guda. Idan ɗaya ya cusa abin da ba a bayyana ba, ko abin da aka haramta shigowa da shi, kayan kowa aka tsare, har da na marainiyar da ta saka katan biyu na mayafi da jarin adashe. Shugabannin kasuwa da limamai su taimaka a sanar da wannan bayan sallar Juma'a. Kai kuma mai kaya, kafin ka biya ragowar kuɗin mai haɗaka, ka ce ya nuna maka lambar Fom M da jerin abin da ke cikin kwantenar.