Ƙarin Hawan Ofisoshi a Kan Tsohon Bene da Ƙarfe Marar Nauyi

A cikin shekaru ashirin da suka wuce, masu manyan gine-gine a biranen Turai irin su Landan da Paris da Rotterdam sun ƙara karkata ga ɗora sababbin hawa a kan tsofaffin benaye maimakon rushe su, kuma ƙarfe marar nauyi yana cikin abubuwan da suka sauƙaƙa musu aikin. Wannan ƙarfe falle ne siriri, wanda kaurinsa yawanci yake tsakanin milimita 1 zuwa 3, ana lulluɓe shi da tutiya domin kare shi daga tsatsa, a lanƙwasa shi a inji ba tare da an gasa shi ba har ya ɗauki siffar harafin C, sannan a ɗaure shi da kusoshi masu murɗi ya zama bango ko daɓe tun a masana'anta.

Babban dalilin yaɗuwar wannan salo shi ne tsadar fili a tsakiyar birni, inda mai bene yake ganin rufinsa a matsayin filin da ya riga ya saya, ga kuma damar da yake samu a wasu lokuta ta barin 'yan haya a hawa na ƙasa suna biyan kuɗi alhali ana aiki a sama. Dokoki ma sun buɗe ƙofa, domin Janeba ta amince da ƙara tsawon benaye a 2008, Faransa kuma ta soke ƙa'idar da ke iyakance yawan ginin da fili zai ɗauka a 2014, ko da yake gidajen zama aka fi nufi da su. Sai batun ɗumamar yanayi, tun da barin tsohon bene a tsaye yana rage buƙatar sabon siminti, kuma sarrafa siminti kaɗai yana haifar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Lissafin nauyi ne ginshiƙin al'amarin. Daɓen kankare mai kaurin santimita 15 yana kai kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita tun kafin a ɗora masa bango, abin da tsohon harsashi ba safai yake jurewa sau biyu ko uku ba. A Rotterdam, ginin De Karel Doorman, wanda aka kammala a 2012, ya ɗora hawa 16 a kan wani tsohon kanti na farkon shekarun 1950 ta hanyar haɗa ƙarfe da katako, har nauyin kowace murabba'in mita ya tsaya a wajen kilo 250. Sai dai abu biyu ne masu tallar salon ba su cika faɗa ba: gidajen zama ne aka gina a can, kuma sai da aka kafa sababbin turakun kankare guda biyu domin su tare iska, saboda tsofaffin ginshiƙan ba za su iya riƙe bene mai wannan tsawo idan guguwa ta taso ba.

A nan ne ofis ya bambanta da gida. Injiniyoyi suna raba nauyi gida biyu, wato na ginin kansa da na abin da za a zuba a cikinsa, kuma ƙarfe marar nauyi na farkon kaɗai yake ragewa. Ƙa'idar Birtaniya tana ware wa daɓen ofis aƙalla kilo 250 a kowace murabba'in mita domin ma'aikata da tebura da takardu, adadin da ya zarce na gidan zama sosai, ban da na'urorin sanyaya ɗaki da tankunan ruwa da ake jibgewa a rufi, inda tanki mai lita 1,000 yake daidai da tan guda. Haka kuma ofis yana son zaure mai faɗi marar bango, alhali wannan ƙarfe a jikin bango yake ɗaukar nauyi, shi ya sa sau da yawa ake haɗa shi da manyan ginshiƙan ƙarfe, nauyin ya sake hawa. Gobara ma tana da nata hukunci, domin ƙarfe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 550 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas, siririn kuwa ya fi saurin ɗaukar zafi, don haka dole a rufe shi da allunan filasta, a kuma tabbatar tsohuwar matakala za ta fitar da ƙarin mutanen.

Ga misalin illar ƙarin nauyi: kantin Sampoong na birnin Seoul, wanda ya rufta a 1995 ya kashe mutum 502, an ƙara masa hawa na biyar da na'urori masu nauyi a rufi fiye da abin da ginshiƙansa za su ɗauka. Darasin ya shafi biranen Nijeriya, inda aka saba barin rodi a tsaye a kan rufin kankare da niyyar ƙara hawa idan hali ya samu, ba tare da an koma ga zanen asali ba. Ƙarfe marar nauyi ya fi bulo da kankare dacewa da irin wannan ƙari, amma bai halatta a ɗora ko hawa ɗaya ba sai injiniya mai rajista ya haƙa ya duba harsashi, ya gwada ƙarfin kankaren ginshiƙai, hukumar tsara birane kuma ta sa hannu.