Ma'aunin aiki: abin da ya kunyata Wells Fargo, ya ɗaga Alcoa

A watan Satumban 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun yi shekaru suna buɗe wa mutane asusu da katin bashi ba da saninsu ba. Da farko an ce asusun sun kai miliyan 2, bincike na gaba ya kai su miliyan 3.5. Bankin ya sallami ma'aikata kimanin 5,300. Sai dai mutum dubu biyar ba sa wayar gari su zama macuta haka kawai, ruwa ba ya tsami banza.

Ma'auni ne ya tura su. Shugabannin bankin sun kafa ido kan lamba guda, wato yawan hajar banki da kowane abokin hulɗa ya karɓa, kuma takwas suke so. Da ita ake ba da alawus, da ita ake kora. Ma'aikacin da yamma ta yi masa bai cika adadinsa ba sai ya ɗauko sunan wata tsohuwar kwastoma, ya ƙirƙiri adireshin imel, ya buɗe sabon asusu, ya ɗebo kuɗi daga asusunta na gaske ya zuba don a ga yana motsi. Ita kuma sai dai ta ga ana cire mata kuɗin hidimar da ba ta nema ba. A takarda reshe ya yi zarra. A zahiri amana ake ci. Shugaban bankin John Stumpf ya sauka a watan Oktoban 2016, Babban Bankin Amurka ya hana Wells Fargo faɗaɗa kadarorinsa a 2018, sannan a 2020 bankin ya sake biyan dala biliyan 3.

Masana sun daɗe da hango wannan. Tun 1975 Charles Goodhart na Ingila ya nuna cewa da zarar an mai da ma'auni abin da ake tsere a kai, ya daina faɗin gaskiya. A 1992 Robert Kaplan da David Norton suka fito da tsarin auna kamfani ta fuska huɗu: kuɗi, gamsuwar kwastoma, ingancin aikin cikin gida, da ƙaruwar ilimin ma'aikata. Da Wells Fargo ya ba koken kwastoma nauyin da ya ba yawan asusu, da ɓarnar ba ta yi wannan nisa ba.

Amma a ganina yawan ma'auni ba shi kaɗai ne magani ba. Paul O'Neill ya karɓi shugabancin kamfanin alminiyom na Alcoa a 1987, shi ma lamba ɗaya ya riƙe: yawan ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki. Ya ce duk raunin da aka samu a sanar da shi cikin awa 24, tare da bayanin yadda za a hana sake faruwarsa. Kafin manaja ya rage rauni dole ya gyara injin da ke maƙalewa, ya saurari leburan da ke tsaye gaban tukunyar narka ƙarfe, kuma gyaran nan shi ke rage asarar kaya da tsayuwar aiki. Da wani babban jami'i ya ɓoye hatsarin da ya auku a masana'antarsu ta Meziko, korarsa aka yi, kowa ya san ba a wasa da lambar. Kafin O'Neill ya bar kamfanin a 2000 rauni ya ragu matuƙa, riba ta ninka kusan sau biyar.

A nan Najeriya ma ba baƙon abu ba ne banki ya ɗora wa matashiyar ma'aikaciya adadin kuɗin ajiya da za ta kawo a wata, ko ta rasa aikinta. Ya kamata masu bankunan nan da Babban Bankin Najeriya su riƙa tambayar ta wace hanya ake cika adadin, kafin su yaba wa wanda ya cika.