GARGAƊI GA MAHARBA DA 'YAN SINTIRIN FAGAM: BINDIGAR DA TA ƘI TASHI BA TA MUTU BA

Zuwa ga sarakunan baka, maharba, 'yan banga, 'yan bindigar hawan salla, da iyayen yara a Fagam da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu.

An kawar da amfanin gona, daji ya buɗe, lokacin farauta da gadin rumbuna ya zo. Bindigogin da suka yi damina a rataye yanzu ake sauko da su, ana fita bayan gari gwaji. A wajen gwajin nan ne ake asarar yatsu da idanu, wani lokaci har da rai. Duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Idan ka ja kunama ba ta tashi ba. Kada ka sauke ta, kada ka juyo da ita wajen jama'a, kada ka leƙa bakinta, kada ka hura. Albarushin da ya sha danshi yakan kama wuta a hankali, ya yi ta ci a ciki, sai ka ɗauka ta mutu sannan ta tashi. Ka bar bakinta yana duban inda ka auna. Mai harsashin kwanso ya jira aƙalla daƙiƙa 30 kafin ya karya ta. Mai adaka ya jira minti 2 cur.

Idan ta tashi da ƙaramin sauti. Ka ji "fus" maimakon ƙarar da ka saba, kafaɗarka ba ta ji dukan ba, hayaƙi kaɗan ne? Tsaya nan. Mai yiwuwa harsashin ya maƙale a tsakiyar bututu, kuma harbi na biyu zai iya tsaga ƙarfen a hannunka. Irin wannan maƙalewa ce ta kashe Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a 1993 a Amurka, yana da shekara 28. Kan harsashi ya tsaya a bututun bindigar da ake ɗaukar fim da ita, ba wanda ya duba, aka sa harsashin wasa mai albarushi kaɗai aka harba, ya ingizo wancan ya same shi a ciki. Masu fim ɗin ƙwararru ne da kayan kamfani. To, ina ga bindigar da maƙeri ya haɗa da bututun famfo?

Kafin ka ɗura. Duba bututun tun daga baki har gindi. Zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a cikin bindigar da ta daɗe a jingine, ya toshe ta tsaf, daga waje kuwa ba abin da za ka gani. Haka taɓo in bakin ya caki ƙasa, haka tsumman da aka cusa don ƙura aka manta. Mai adaka ya zura sandar ɗuri lokacin da bindigar take wayam, ya yi wa sandar tsaga daidai bakin bututu. Duk ranar da ya zura ya ga tsagar ta tsaya sama, akwai ɗuri a ciki. Ɗuri kan ɗuri na fasa bindiga. Wadda tsatsa ta ci, ko bututunta ya kumbura, ko ta yi tsaga ko da siririya ce, ta gama aiki.

Albarushi da harsashi. Kada a farke harsashin kwanso a juye garinsa cikin adaka. Ƙarfinsa ya fi na baƙin albarushi nesa, bututun gida ba ya ɗaukarsa. Kada a ƙara mudu don neman ƙara a wajen biki. Kada a tsiyaya albarushi kai tsaye daga gora zuwa bututun da bai huce ba, domin tartsatsi ɗaya da ya saura ya isa ya tashi da gorar duka. Harsashin da ya kumbura, ya jiƙe, ko ba lambar bindigarka ba ne, kada ka tura shi da ƙarfi. A ajiye albarushi nesa da murhu, fitila, sigari da fetur, a wuri busasshe mai kulle, bindiga daban, harsashi daban.

Wurin gwaji. A zaɓi inda akwai tudun ƙasa mai laushi a bayan abin auna. Dutse da ruwa suna mayar da harsashi ya karkace. A tabbatar babu makiyayi, mai itace ko hanya a baya. Mutum ɗaya ke harbi, saura su tsaya bayansa, yara kuwa a kore su. Ba a gwada maganin bindiga a jikin mutum. Hadisin Bukhari da Muslim ya hana nuna wa ɗan'uwa makami, domin Shaiɗan na iya fizgar hannu.

Idan tsautsayi ya faɗa. A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Kada a tono harsashi, kada a zuba toka, ƙasa ko man inji. In ido ne, a rufe ba tare da an matsa ba. A garzaya Babban Asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Kada tsoron hukuma ya sa a ɓoye mai rauni a ɗaki: wata doka ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya karɓar mai raunin bindiga ko da babu takardar 'yan sanda.

A kuma sani, a ƙarƙashin Dokar Makamai ta 1959, ko adaka sai da lasisi daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Muna roƙon sarakunan baka da shugabannin sintiri su tara mutanensu a duba kowace bindiga ɗaya bayan ɗaya kafin fita ta gaba, masu unguwanni da limamai kuma su sanar a masallatai. Allah Ya tsare mu baki ɗaya, amin.