Kula da Ɗan Tsako Mai Matsalar Ƙafa

A makon farko na rainon 'yan tsaki, akan sami ɗaya ko biyu kwance a gefe sun kasa tsayuwa. Yawanci yunwa da ƙishirwa ne ke kashe irin wannan ɗan tsako, ko kuma 'yan uwansa su tattake shi. Tun da ƙashinsa bai yi ƙwari ba, ana iya gyara ƙafar idan an lura a kwanakin farko. Abin da ya kamata manomi ya fara yi shi ne gane dalilin matsalar.

Ire-iren Matsalar

1. Buɗewar ƙafafu: ƙafafun sukan baje gefe da gefe, ƙirji yana ƙasa. Babban dalili shi ne santsin daɓe, kamar inda aka shimfiɗa jarida ko leda.
2. Nannaɗewar yatsu: yatsun sukan lanƙwashe ciki, ɗan tsako yana tafiya a kan gwiwa. Ƙarancin bitamin B2 a abinci yana kawo haka.
3. Laushin ƙashi: baki da ƙafa sukan yi taushi saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam, fosforas ko bitamin D3.
4. Cutar Marek: takan bayyana daga kimanin mako 6, ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya baya. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi a ranar ƙyanƙyasa.

Yadda Ake Gyara

A ware ɗan tsakon cikin kwali mai shimfiɗar tsumma ko buhun algarara, kusa da ɗumi. Idan ƙafafun ne suka buɗe, a yanko siririyar filasta a naɗa a kowace ƙafa, tsakanin gwiwa da yatsu, a bar tazarar kimanin santimita 3 tsakaninsu, wato yadda lafiyayyen ɗan tsako ke tsayuwa. Kada a matse, domin jini ya riƙa gudana. A kwance filastar kowace rana a duba, a sake ɗaurawa idan bai tsaya daidai ba. Galibi akan ga sauƙi cikin 'yan kwanaki.

Idan yatsu ne, a yanka ɗan guntun kwali daidai faɗin tafin ƙafa, a miƙar da yatsun a kai, a manne da filasta. A sa garin bitamin na kaji cikin ruwan sha bisa ƙa'idar da ke jikin fakitin.

A ajiye abinci da ruwa dab da shi. A zuba tsakuwa cikin mazubin ruwan, domin ɗan tsakon da aka ɗaure yana iya faɗawa ciki ya mutu.

Rigakafi

A shimfiɗa ɓarzar katako ko ƙaiƙayin shinkafa mai kaurin santimita 5. Zafin ɗakin raino ya kasance digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. A ba su sabon abincin 'yan tsaki, domin bitamin yana raguwa a abincin da ya daɗe a ajiye. Kada a ba su abincin kaji masu ƙwai, kalsiyam ɗinsa yana lalata musu ƙoda.

Malaman gona su ja hankalin manoma cewa idan 'yan tsaki da yawa suka gurgunce lokaci guda, ko ana ganin murɗewar wuya, to ba aikin filasta ba ne. A kira likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.