Shinkafa, wake da ƙanzo: Abin da ke cikin tukunyar mutanen Jamhuriyar Dominika

Da rana ta take tsaka a Jamhuriyar Dominika, abin da ake saukewa daga kan wuta a yawancin gidaje iri ɗaya ne: farar shinkafa, miyar jan wake da nama mai romo. Mai kuɗi da talaka, ɗan birnin Santo Domingo da manomin ƙauye, duk a kan wannan akushi suke haɗuwa. Sun laƙaba masa suna "la bandera", wato tuta da Sifaniyanci, domin a ganinsu yana wakiltar ƙasar kamar yadda tutarta ke yi. Shinkafar ce farin tutar, waken kuma jan. Shuɗin kuwa, sai aka ce nama ya tsaya a madadinsa, tunda babu wanda ya taɓa ganin shuɗin abinci mai shiga rai.

Ƙasar tana yankin Karebiya, a gabashin tsibirin Hisfaniyola wanda take rabawa da Haiti, kuma mutanenta sun kai kimanin miliyan 11. Akwai wani ɗan ƙaramin tsibiri a yankin mai suna Dominika, ƙasa ce daban, ba ita ake nufi a nan ba.

Duk sauƙin da wannan abinci yake da shi a ido, yana da ƙa'idojinsa, kuma a kan shinkafa aka fi tsanantawa. Ana dafa ta ne a tukunya mai kauri da suke kira "caldero", da ruwa da gishiri da ɗan mai. Idan ruwan ya tsotse sai a tattaro ta wuri ɗaya, a rufe, a rage wuta har ta turaru ta yi warawara. Amma gwanintar mai girki ba a nan take ƙarewa ba. Dole ne gindin tukunyar ya kama, ya yi ja ba tare da ya ƙone ba. Wannan shi ne "concón", abin da Bahaushe ya sani da ƙanzo. A can ana kankare shi a zuba a kwano na musamman, a kawo shi tare da abincin, kowa ya ɗiba ya kwarara masa romon wake. Uwargidan da shinkafarta ta caɓe, ko ƙanzonta ya yi ɗaci, ba ta buƙatar a faɗa mata, fuskokin masu ci sun isa.

Shi kuwa waken, ana dafa shi har ya yi laushi, sannan a zuba shi cikin soyayyen kayan miya: tafarnuwa, albasa, tattasai, tumatir da ganyaye masu ƙamshi, musamman wanda ake kira oregano. Sau da yawa akan jefa yankan kabewa don ta narke ta ba miyar kauri. Naman da aka fi samu shi ne kaza, saboda ita ce mai araha. Akan wanke ta da lemun tsami ko wani lemu mai ɗaci da suke da shi, sannan a barbaɗa ɗan sukari a mai mai zafi har ya yi duhu kafin a jefa naman. Wannan dabara ce ke ba kazarsu launin ƙasa-ƙasa. A gefe akan ajiye soyayyar agada, wato babbar ayabar nan ta dafawa, da yankan fiya idan lokacinta ne.

Kowane sinadari a wannan tukunya yana da hanyar da ya biyo. Mutanen Taino, waɗanda Kolumbus ya tarar a tsibirin a 1492, rogo ne abincinsu. Sukan goge shi, su matse ruwan mai guba, su gasa garin a kan faffaɗan kasko ya zama burodi mai faɗi da ake kira "casabe". Wanda ya taɓa ganin yadda ake sarrafa garin rogo a Najeriya zai gane matakan nan take, kuma akwai dalili: daga nahiyar Amurka ne Turawan Fotugal suka kawo rogo Afirka, ga shi yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Har yanzu garin Monción ya shahara da casabe, kuma a watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar yin sa cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Sifaniyawa sun kawo shanu da aladu da kaji da rake. Raken ne ya jawo aka shiga safarar bayi daga Afirka ta Yamma. A ƙarshen 1521 bayi, yawancinsu 'yan ƙabilar Wolof daga yankin Sanagal na yau, suka yi bore a gonar raken Diego Colón, ɗan Kolumbus, kuma ana lissafa wannan a matsayin boren bayin Afirka na farko da aka rubuta a nahiyar. Sawun waɗannan mutane yana nan a ɗakin girki: doya, kuɓewa, da ɗabi'ar dafa abu mai nauyi a kirɓa shi. Mafi shahara shi ne "mangú", abincin karin kumallo. Ana dafa ɗanyar agada, a murƙushe ta da man shanu da ɗan ruwan sanyi har ta yi sumul, a ɗora mata jar albasa da aka jiƙa a ruwan tsami. Akan haɗa ta da soyayyen cuku da ƙwai da wani naƙaɗaɗɗen nama da ake kira salami. A kudu maso yamma, wajejen San Juan, ana dafa tsakin masara mai suna "chenchén" a ci da naman akuya. Daga baya, a ƙarshen ƙarni na 19, Larabawan Labanan da Siriya suka iso da kibbe ɗinsu na alkama da niƙaƙƙen nama, wanda ya koma "quipe" a bakin 'yan ƙasa.

Musulmin da ya je can ya kamata ya riƙa tambaya kafin ya sa hannu, domin naman alade yana shiga salami da wasu miyoyi da dama. Hakan ya fi yawa a "sancocho", babbar tukunyar biki da ake zuba rogo, doya, gwaza, agada, kabewa da masara, wadda a ranar nuna bajinta ake sa mata nama iri bakwai. Akwai kuma abincin da ke ba baƙo mamaki a lokacin azumin Kirista kafin Ista: wake da aka niƙa aka dafa da madara, ruwan kwakwa, sukari, dankali, kirfa, kanumfari da zabibi. Ana yin sa da yawa ne don a aika wa maƙwabta, kuma kowane gida yana ganin nasa ya fi.

Abin da ke sa tukunyar talaka ta hau wuta kullum shi ne shagon unguwa, "colmado". A nan ake sayen awon shinkafa na yini ɗaya, cokalin tumatirin gwangwani, mai na 'yan kuɗi kaɗan, kuma mai shago yana da littafin bashi ga waɗanda ya sani. Don haka ƙarin farashin shinkafa, ko da kaɗan ne, yana isa kowane gida cikin kwana ɗaya, kuma gwamnatocin ƙasar sun san da haka.

Jamhuriyar Dominika tana noma kusan dukkan shinkafar da take ci, yawanci a kwarin Cibao da ke arewa, inda kogunan Yuna da Yaque del Norte ke shayar da gonaki. Sai dai a 2004 ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki da Amurka da wasu ƙasashen Amurka ta Tsakiya, wadda ake kira DR-CAFTA, kuma ta fara aiki a kanta a 2007. Yarjejeniyar ta tanadi a riƙa rage harajin shinkafar Amurka sannu a hankali har ya ƙare a farkon 2025. Shekara ashirin ta yi kama da nesa a ranar da aka sa hannu. Da wa'adin ya ƙarato, manoma da masu injinan casa suka tayar da hankali, suna cewa ba za su iya gogayya da shinkafar da gwamnatin Amurka ke tallafa wa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, mai saye a colmado zai so ya ga farashi ya sauka, ko daga ina buhun ya fito.

Gwamnati ta zaɓi ɓangaren manoma. A watan Disamban 2024 Shugaba Luis Abinader ya fitar da doka da ta bar tan 23,300 na shinkafar Amurka su shigo ba haraji, abin da ya haura haka kuma a ɗora masa harajin kashi 99 cikin ɗari. Hujjar da aka kafa ita ce wadatar ƙasa da abinci. Masu noman shinkafa a Amurka sun nuna rashin amincewa, suna cewa matakin ya saɓa wa abin da aka sa wa hannu.